Itacen Goro da Tarihin Fataucin Bahaushe

Gabatarwa

Idan aka ce tarihi, abin da yakan fara faɗo wa ɗalibi a rai shi ne sunayen sarakuna, da shekarun da suka yi bisa gado, da yaƙe-yaƙen da suka gwabza. In an tambaye mu tarihin Dutse, alal misali, sai mu kawo labarin Ada, wanda ya ƙi bin Kano har Sarkin Kano Kumbari (1731-1743) ya taso ya yaƙe shi. Daga nan mu gangaro zamanin Jihadi, a farkon ƙarni na 19, sa'ad da Salihi da Musa suka karɓi garin, sa'an nan mu rufe da ranar 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta. Wannan duka tarihi ne, babu musu. Amma akwai wani tarihin da ba a buga masa tambari, yana nan cikin aljihun dattijo da faifan mai talla, kuma ya taɓa rayuwar talaka fiye da yadda yaƙin Kumbari ya taɓa ta.

A cikin wannan maƙala ina so in ɗauki goro in yi magana a kansa. Babu aure ko suna ko naɗin sarauta da za a yi a Garu ko Limawa ko Kiyawa ko Birnin Kudu ba tare da shi ba, amma duk faɗin Jigawa ba a noma shi. Da yawa cikin kakanninmu sun ci goro tun suna samari har haƙoransu suka zube, ba su taɓa ganin itacen da yake haifarsa ba. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, halittar wannan itace, watau inda yake yarda ya tsiro da irin 'ya'yan da yake yi, ita ce ta shata wa fataken Hausa hanyar da suka bi, da lokacin da suka yi tafiya, da garuruwan da suka kafa a baƙuwar ƙasa. Wanda bai san itacen ba, rabin labarin fatauci kaɗai ya sani.

Asalinsa da Danginsa

Goron da muke ci, masana ilmin tsirrai suna kiran itacensa Cola nitida. Wani Bafaranshe mai suna Ventenat ne ya fara bayyana shi a rubuce a farkon ƙarni na 19, amma ya saka shi cikin zuriyar Sterculia, watau zuriyar kukkuki na dajinmu. A shekarar 1832 ne wasu masana biyu, Schott da Endlicher, suka ware wa goro zuriya tasa ta kansa suka raɗa mata suna Cola. Zuriyar tana da ire-iren itatuwa fiye da 100, dukansu kuwa 'yan asalin Afirka ne, sai dai kaɗan ne daga ciki ake cin 'ya'yansu.

Mahaifar Cola nitida ita ce kurmin Afirka ta Yamma mai ƙarancin tudu, daga Gini da Saliyo da Laberiya, ta Kwaddibuwa, zuwa Gana. A lura, kurmin ƙasar Yarbawa ba ya cikin wannan lissafi. Goron da Allah ya ba Yarbawa da Ibo tun asali wani iri ne dabam, Cola acuminata, wanda Yarbawa suke kira abata. Za mu ga muhimmancin wannan bambanci nan gaba.

Wani abin sha'awa shi ne, ko da yake goro baƙo ne a ƙasarmu, danginsa suna kewaye da mu. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, bayan da aka sami damar kwatanta ƙwayoyin gado na tsirrai, masana sun haɗa goro da koko cikin babban gida guda mai suna Malvaceae, tare da kuka, da rimi, da kukkuki, da auduga, da kuɓewa, da rama, da yakuwa, da lalo. Ɗaya daga cikin alamomin wannan gida ita ce yauƙi. Duk matar da ta kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa ko ta lalo ta san wannan alama fiye da kowane malamin jami'a, kuma wanda ya taɓa tauna wani nau'in hannun ruwa ya ji yauƙin nan a bakinsa. Ashe kukar da take tsaye a bayan gari 'yar uwar goro ce, sai dai ita ta koyi zama da fari, tana zubar da ganye da rani tana tara ruwa a cikinta, shi kuwa bai koya ba.

Ya kamata a nan in cire namijin goro daga cikin lissafi. Sunan ne kawai ya haɗa su. Itacensa Garcinia kola ne, gidansu dabam, ƙwayarsa ma ba ta rabuwa ɓari-ɓari.

Siffar Itacen

Itacen goro ba ya cikin ƙattin kurmi. Yawanci tsawonsa mita 9 zuwa 12 ne, ko da yake wanda ya daɗe a wuri mai dausayi yakan kai mita 20. A ƙarƙashin manyan itatuwa yake tashi, saboda haka yana ƙarami yana bukatar inuwa, rana mai zafi tana ƙona shi. Rassansa suna farawa tun daga ƙasa-ƙasa, kansa kuma a cunkushe yake, mai duhun inuwa, kusan kamar na mangwaro. Ganyensa dogo ne, mai kauri da sheƙi, kore shar, da ɗan tsini a baki, kuma ba ya kaɗewa gaba ɗaya kamar na kuka. Rani da damina itacen yana sanye da rigarsa, wannan kuwa yana nufin rani da damina yana shan ruwa.

Ruwan da yake so shi ne milimita 1,200 zuwa 1,800 a shekara, a rarrabe cikin watanni masu yawa, da ƙasa mai zurfi wadda ba ta riƙe ruwa ya kwanta, da iska mai laima. In muka duba Dutse, ruwan shekara bai cika kaiwa milimita 1,000 ba, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watanni bakwai ko takwas sai hunturu da bazara. Ƙasar kuma jigawa ce, rairayi, ruwa yana zuba yana tsanewa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a noma goro a wajenmu, ba lalaci ba ne ko rashin dabara.

Furen goro ƙarami ne, fari-fari mai ratsin ja daga ciki, yana fitowa tuli-tuli a jikin rassa. Itace guda yana yin fure iri biyu: akwai namiji, wanda garin barbara kaɗai yake bayarwa, akwai kuma wanda ya fi shi girma, mai mahaifa, wanda shi ne yake zama ɗa. Ƙwari ne suke ɗaukar garin daga wannan fure zuwa wancan. Masu bincike sun gano cewa itatuwan goro da yawa ba sa karɓar garin kansu, sai na wani itacen da jininsu ya zo ɗaya. Saboda haka akan sami itace ƙosasshe ya yi fure fal amma ya tashi ba 'ya'ya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa amfanin gonar goro ba shi da tabbas, farashinsa kuma yake hawa da sauka.

Furen da ya kama, bayan kamar wata huɗu ko fiye da haka kaɗan, yakan zama kwanso kore mai ƙuraje-ƙuraje, kusan tsawon tafin hannu. Kwanson sukan fito har biyar daga fure guda, a baje kamar yatsu. A cikin kowane kwanso akwai goro huɗu zuwa takwas, wani lokaci har goma, a jere suna matse da juna, kowanne a lulluɓe da farar riga mai laushi. Matsin nan ne yake sa ka ga goro da gefe a daɗe, ba a mulmule kamar ƙwai ba. Akwai fari, akwai ja, akwai mai ruwan hoda, kuma akan sami launi fiye da ɗaya a itace guda.

Itacen da aka shuka daga ƙwaya yakan yi shekara shida ko bakwai kafin ya fara haihuwa, ba ya kaiwa ganiyarsa sai ya haura shekara goma sha biyu, daga nan kuwa yana iya yin shekara saba'in ko fiye yana bayarwa. Wanda ya dasa goro, jikokinsa ya dasa wa.

Ƙwaya Mai Rai

To, yanzu mun zo ga ƙashin bayan maganar. Shin mene ne ainihin abin da muke taunawa? Goro iri ne, watau jaririn itace. In ka ɓare shi za ka ga ɓari biyu, a gindinsu kuma ga wani ɗan ƙanƙanen abu kamar haƙorin jariri. Wannan ɗan abu shi ne zai zama saiwa da kara. Ɓarin nan biyu kuwa su ne ganyen farko na tsiron, waɗanda suka kumbura da abincin da zai ci kafin ya kafu. A nan ne ake gane nau'in goro: na Cola nitida ɓari biyu ne tak, na Cola acuminata kuwa uku zuwa shida. Bahaushe ya riga ya yi wannan rarrabewa tun kafin Ventenat, domin mai ɓari biyu shi yake kira goro, mai ɓari da yawa kuwa hannun ruwa.

Ɗacin da yake kama harshe, da jan da yake rina baki, da ƙarfin da yake korar barci da yunwa, duka makaman itacen ne na kare jaririnsa daga ƙwari. Babban sinadarin da yake ciki shi ne kafeyin, irin wanda yake cikin shayi da gahawa, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Wannan ne ya ja hankalin masu haɗa magunguna na Turai da Amurka a ƙarni na 19, har aka ɗauki sunan goro aka saka a cikin sunan Coca-Cola a shekarar 1886.

Amma ga inda gizo yake saƙa. Gero da dawa da wake, in sun bushe sai su yi barci, a zuba su a rumbu su shekara, ruwa na taɓa su su farka. Ƙwayar goro ba ta san wannan barci ba. A kurmin da aka halicce ta ƙasa ba ta bushewa, don haka ba a yi ta don ta jure wa bushewa ba. Tana numfashi tun daga ranar da aka ɓare kwanso har ranar da aka tauna ta. In ta bushe ta mutu, ta yamutse ta yi tauri, darajarta ta faɗi. In ruwa ya yi mata yawa ta yi fumfuna ta ruɓe, ko kuwa ta tsiro. Ga kuma wani ɗan ƙwaro da masana suke kira Balanogastris kolae, wanda yake huda goro ya yi ƙwai a ciki, tsutsarsa ta cinye shi daga ciki ta bar baƙin gari. Ɓarnar nan ita 'yan goro suke kira sankara, sunan da kuma muke kiran mugun ciwon nan da yake cin jikin mutum a ɓoye.

Saboda haka sana'ar goro, tun daga gona har kasuwa, jinya ce. Ana tsinko kwanson da wuƙa mai lanƙwasa a bakin doguwar gora tun bai fashe da kansa ba. A fasa, a jiƙa ƙwayoyin ko a tara su har farar rigar ta ruɓe, a saɓule ta, a wanke, a zuba a kwando na 'yan kwanaki ya yi gumi ya tsane. Sa'an nan a shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi, irin su fita, a jera goron a naɗe shi ya zama huhu. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a tsince mai sankara da mai tabo, a sake ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Wanda ya iya wannan aiki yana iya riƙe goro wata da watanni har ya zama daushe, ɗacinsa ya kwanta, kuɗinsa ya ninka.

Hanyar Gwanja

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, kuma fassararsa ta Hausa take cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya danganta shigowar goro da zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, inda ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika mata da goro 10,000. Littafin ya saka wannan a zamanin Sarkin Kano Dauda (1421-1438), ko da yake wasu masana suna ganin Amina a ƙarni na 16 ta rayu. Ya kuma ce a zamanin Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Ambaton Nupe ba abin mamaki ba ne, domin a 'yan kurame na yankin Labozhi, a Jihar Neja ta yanzu, ana samun goro mai ɓari biyu wanda ya yi suna ƙwarai, sai dai bai taɓa yawan da zai wadatar da ƙasar Hausa ba.

Ga tambayar da ta kamata ɗalibin tarihi ya yi: ƙasar Yarbawa ta fi Gwanja kusa da Kano nesa ba kusa ba, kuma akwai goro a can. Me ya sa falke ya bar na kusa ya nufi Salaga, tafiyar fiye da kilomita 1,000? Amsar tana cikin ɓarin goro. Na kusa hannun ruwa ne, kasuwar Kano da Katsina da Kukawa kuwa mai ɓari biyu take so, shi kuwa a wancan zamani sai a kurmin Ashanti, mutanen da Hausawa suke kira Tonawa, da ƙasashen da suke yamma da su.

Tambaya ta biyu: me ya sa kasuwar ta ci a Salaga, alhali Salaga ba a kurmi take ba, kuma ba a noma goro a ƙasar Gwanja? Dalili biyu ne. Na farko, jakin falke ba ya rayuwa a kurmi saboda ƙudan tsando. Na biyu, sarakunan Ashanti ba su yarda baƙin arewa su kutsa har inda itacen yake ba. Saboda haka mutanen kurmi suka riƙa ɗauko goro a ka su fito da shi bakin daji, jaki ya karɓa. Goron ya ɗauki sunan kasuwar da aka saye shi, ba na gonar da ya fito ba.

Lokacin tafiya ma itacen ne ya tsara shi. Babbar kakar goro tana kamawa daga Oktoba zuwa Disamba, daidai da lokacin da manomin Hausa ya kai amfaninsa gida, koguna suka janye, hanya ta bushe. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba da uban dawaki a matsayin mataimaki, ɗauke da kanwa, da turkuɗi da sauran tufafin rini, da fatu, da gabu, da dabbobi. Kada kuma mu ɓoye, a wancan zamani har da bayi. Sukan ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Bussa, su ratsa Bargu ta Nikki, su bi ta Jugu ko Sansanin Mango zuwa Yendi, su faɗa Salaga. Kowane sarki a ba shi garama, kowane kogi a biya fito. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci shekara guda. A komowar ne wahala take, domin iskar hunturu da ta busar da hanya ita ce babbar abokiyar gābar kayan. Duk 'yan kwanaki sai an sauke waga an kwance an yi jinyar da muka bayyana a sama.

Turawan da suka ga wannan fatauci da idonsu sun bar mana lissafi. A 1826 Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama suna komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan haka. Barth kuwa, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki fiye da 500 na goro suke shiga birnin kowace shekara, kuma kaya guda, in ya iso lafiya, yana kai wuri 200,000. Shi ma sai da ya lura cewa haja ce mai saurin lalacewa. Ba banza ba Bahaushe ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sana'ar da take bukatar irin wannan sani da amana, ba kowa ne yake shiga ba. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya nuna cewa a ƙarni na 19 ƙungiyoyi uku ne suka fi riƙe ta: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari na Gummi. Kuma tun da kayan ba sa jira, dole a kowane babban masauki a sami ɗan uwa zaunanne, mai gida da dillali da malami, wanda zai sauke baƙo ya adana masa kaya. Haka zango, wurin kwana ɗaya, ya zama unguwa. Har yau unguwannin Musulmi baƙi a biranen Gana zongo ake kiransu, kuma Hausa ce harshen cinikinsu.

Itacen Ya Yi Ƙaura

Hanyar Gwanja ba ta mutu a rana ɗaya ba. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta ɓalle daga hannun Ashanti, su kuma suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, mazauna cikinta suka watsu. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Daga nan fatake suka gano cewa jirgin ruwa yana kai goro daga gaɓar Gana zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji (1877-1955), da goro ya fara tara dukiya ta wannan sabuwar hanya kafin ya shiga cinikin gyaɗa.

Amma babban juyin shi ne na itacen kansa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, manoman yankin Agege da Otta suka fara dasa Cola nitida, daga nan ya bazu zuwa ƙasar Egba da Ijebu-Remo, ya sami ruwa da ƙasa irin na mahaifarsa. Yarbawa suka kira shi gbanja, watau Gwanja, ko kuwa su ce goro, sunan da suka ji a bakin mai saye. Ka ga itacen kurmi ya shiga kurmin Yarbawa da sunan da Bahaushe ya kai masa. Cikin 'yan shekaru Shagamu ta gāji Salaga, unguwannin Sabo na Shagamu da Badun suka gāji zango. Abner Cohen ya yi nazarin Sabon Badun a littafinsa na 1969, ya nuna yadda tsarin mai gida da dillali ya ci gaba da riƙe cinikin goro da na shanu. A yau Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman goro, kuma Cibiyar Binciken Koko da take Badun, wadda aka kafa a 1964, ita aka ɗora wa alhakin bincike a kansa.

Goro da Dabino a Dutse

Ƙasar Dutse tana tsakanin Kano da Barno, don haka goron da ya iso Kano daga Gwanja, wanda zai wuce gabas ta wannan sashe yake ratsawa. Da aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930, ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ta bi, ta bar Dutse a kudu. Mota ce ta mayar da mu kan hanya. Babbar kasuwar goro ta Kano a yanzu, watau Mariri, a bakin titin Maiduguri take, titin da muke bi in za mu gida, daga can kuma huhuna suke gangarowa kasuwanni irin su Shuwarin da Sara da Gujungu.

Mu kuma muna da namu itacen. Clapperton, a tafiyarsa daga Katagum zuwa Kano a 1824, ya ambaci jerin duwatsu da itatuwan dabino a kan hanya, a yau kuma a Dutse ne tashar binciken dabino ta ƙasa take. In ka duba faifan ɗaurin aure a garinmu za ka ga goro da dabino a haɗe, alhali a halitta kishiyoyin juna ne. Dabino ɗan hamada ne, yana son rana a ka da ruwa a ƙafa, goro ɗan kurmi ne mai son inuwa. Dabino namiji dabam mace dabam, goro itace guda yake ɗauke da furen biyu. Dabino naman muke ci mu yar da ƙwallon, goro kuwa rigar ake yarwa a ci ƙwayar. Lafiyar dabino ya bushe, mutuwar goro ke nan. Faifan nan guda ya haɗa hamada da kurmi, aikin da ƙasar Hausa ta yi shekaru ɗaruruwa tana yi a Afirka ta Yamma, daga gare shi ne kuma biranenta suka yi arziki.

Kammalawa

Na yi ƙoƙarin nuna cewa yawan ɓarin goro ne ya kai falke Gwanja, kurmi da ƙudan tsando suka tsai da kasuwa a Salaga, kakar itacen ta sa ranar tashin ayari, rashin jure wa bushewa kuma ya haifi mai gida da zango. Saura abin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban Hausa.

Goro ya cika harshenmu. Muna cewa goron gayyata, da goron sallah, da goron albishir, ko da kati ne ko kuɗi aka bayar. Amma kalmomin sana'ar kanta suna ta sulalewa. A cikin 'yan ajinmu mutum nawa ne zai iya bambanta marsa da minu, ko daushe da ɗanye, ko ya faɗi abin da ake nufi da farsa da saran waga, ko ya san ƙwarya guda goro 100 ce? Samari sun rage cin goro, alewa da cingam suna ture shi a faifan biki. Dattawan da suka zauna a Shagamu da Agege tun suna yara, waɗanda suka ji labarin Gwanja daga bakin kakanninsu, kullum raguwa suke yi. Abin da Barth da Lovejoy da Cohen suka rubuta ya fi karkata ga Kano da Salaga da Badun. Labarin 'yan goron Dutse da Jahun da Kiyawa da Gwaram, wa ya koya musu, wane gida suke sauka a kudu, da wane suna suke kiran kowane nau'i, yana nan a bakin masu shi, kuma ranar da aka kai su makwanci da shi za su tafi.

Shawarata ga wannan ƙungiya tamu ita ce, a hutu mai zuwa kowane ɗalibi ya ɗauki littafi da alƙalami ya tafi rumfar 'yan goro ta garinsu, ya gaida dattijo, ya sayi ko da na ɗari biyu ne, ya zauna ya tambaya ya rubuta. In mun dawo a haɗa a tace a buga a wannan mujalla. Wanda kuma Allah ya kai shi kudu, bautar ƙasa ko ziyara, ya roƙi a kai shi gonar goro ya ga itacen da idonsa, domin gani ya kori ji.

Allah ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Amin.